Sayen Kwamfutar Ofis Ta Hannu: Abin Dubawa Kafin A Ƙirga Kuɗi

Duk wanda ya shiga Beirut Road ko kasuwar Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja, da niyyar sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, zai tarar da kaya iri biyu a kan kanta ɗaya. Ga sababbi a kwali, masu sheƙi, farashinsu da dama-dama. Ga kuma waɗansu baƙaƙe ko masu ruwan toka, gefensu ya ɗan goge, wata ma da sauran tabon takardar da wata ma'aikata ta manna mata a Ingila ko Amurka. Ido yakan tafi ga na farko. Ni kuwa shawarata ga ɗalibi da malamin makaranta da mai shagon buga takardu, da duk wanda zai saya da guminsa, ita ce ya tsaya wajen na biyun, muddin ya san abin da zai duba.

Bambancin ya samo asali ne daga wanda aka ƙera wa kayan. Lenovo da Dell da HP kowannensu layi biyu yake da shi. Akwai na gida, wanda ake sayar wa ɗaiɗaikun mutane: IdeaPad, Inspiron, Pavilion da HP 15. A nan gasar ta araha ce da kyan gani, saboda haka duk inda za a rage kuɗi a wurin da ido ba ya kaiwa, ragewa ake yi. Shi ya sa za ka ga ƙarfen da ke riƙe murfi an ɗaure shi a jikin roba marar kauri, bayan shekara biyu ya ɓalle ya tafi da kusurwar sikirin. Akwai kuma na ofis: ThinkPad, Latitude, EliteBook da ƙanwarta ProBook. Waɗannan bankuna da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati ke saye, ɗaruruwa a lokaci guda, galibi da garantin shekara uku. In ɗaya ta lalace cikin wa'adin, kamfanin da ya ƙera ta ne zai yi asarar gyara, don haka ribarsa ita ce ya yi ta da ƙwari tun farko, ya kuma tsara ta yadda mai gyara zai kwance ya sauya abu cikin 'yan mintuna. Dukkan kamfanonin uku suna sanya littafin kwance-da-ɗaura na waɗannan kwamfutoci a shafinsu na intanet kyauta, da hotuna, har da adadin kusoshin da za a kwance.

Bayan shekara uku ko huɗu ma'aikatun sukan sauya kayansu gaba ɗaya, ba don sun lalace ba, sai don wa'adin haya ko na garanti ya cika. Dillalai su saye su a sari, su ware su daraja-daraja, su yo lodinsu zuwa Legas, daga can su hauro Arewa da sunan tokumbo. A cikin kwantena ɗaya akwai wadda ta shekara uku a kan teburi ba ta taɓa fita ofis ba, akwai kuma wadda ta sha faɗuwa da ruwan shayi. Aikin mai saye shi ne rarrabe su.

Shekarunta tukuna, kafin sunanta

Abin da aka fi cutar mutane da shi shi ne kalmar Core i7. Mai shago zai nuna maka 'yar takardar da ke manne kusa da kibod ya ce, "Alhaji, wannan i7 ce, ba ta da sa'a a nan." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Intel ta shekara fiye da goma tana fitar da furosesa mai wannan suna, kuma i7 ta 2012 ba ta kama ƙafar i5 ta 2018 ba. Mai sayen rago a kara ba ya tsayawa ga girman ƙaho, sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Haƙoran kwamfuta su ne lambobin da ke bin sunan furosesa. In ka ga i5-8350U, lambar farko, wato 8, tana nufin zubi na takwas, abin da 'yan kasuwa ke kira jenereshan. i7-3520M zubi na uku ce, i5-6300U na shida. Daga na goma lambobi biyun farko ake karantawa: i5-10310U na goma, i5-1135G7 na goma sha ɗaya.

Zubi na takwas shi ne iyakar da nake ja wa duk wanda zai yi aiki da Windows, kuma dalilai biyu ne. Na farko, a wannan zubin ne Intel ta ninka ƙwayoyin sarrafawa na i5 da i7 masu harafin U daga biyu zuwa huɗu, don haka tazarar da ke tsakanin na bakwai da na takwas ta fi duk wadda ke tsakanin na baya. Na biyu ya fi nauyi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro na wucin gadi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas, in ban da 'yan ƙalilan, kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0. Masu gyara sun san hanyar cusa ta a kan tsofaffi, kuma tana tashi, amma babu wanda ya yi maka alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Wanda ke shiga asusun bankinsa da kwamfuta bai kamata ya ɗora kansa a kan wannan ba.

A sunayen kasuwa, zubi na takwas yana nufin ThinkPad T480 da T490 da X280, da Latitude 5490 da 7490 da 5400, da EliteBook 840 G5 da G6. Amma a kula: T480 da Latitude 5490 da 840 G5 duk an fitar da wasunsu da furosesar zubi na bakwai, irin su i5-7300U, a cikin jiki iri ɗaya sak. Sunan da ke kan murfi bai isa shaida ba, takardar da aka manna ma ana sayar da ita a kasuwa. Ko abin da Windows ke nunawa mai wayo yana iya sauya rubutunsa. A BIOS ake ganin gaskiya, kuma za mu zo kansa.

Kada kuma sunan AMD ya firgita ka. Tsofaffin AMD sun bar mummunan suna na zafi, amma Ryzen na 2020, kamar Ryzen 5 PRO 4650U mai ƙwaya shida da ke cikin ThinkPad T14 da EliteBook 845 G7, ya fi Intel na shekararsa ƙarfi, kuma sau da yawa za ka same shi da sauƙi saboda mutane na gudunsa.

ThinkPad, Latitude, EliteBook

IBM ce ta fara ThinkPad a 1992, baƙa wuluk da jan ɗigo a tsakiyar kibod, bisa zanen Richard Sapper, kafin Lenovo ta China ta sayi sashen a 2005. Ga wanda aikinsa rubutu ne, ɗan jarida ko mai fassara ko ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, ban san kibod da ya kai nata daɗin dannawa ba. Madannan suna da zurfi, yatsa ba ya gajiya, kuma an yi shi yadda ɗan ruwan da ya zube ba ya saurin kaiwa ga bod. A cikin zuriyar, T480 ta 2018 ita ce wadda ta fi dacewa da ƙasar da wuta ba ta tsayawa, domin batir biyu gare ta: ƙarami a ciki, da wani a waje da ake zarewa a sauya tana kunne. Na wajen yana zuwa da girma uku, 24Wh da 48Wh da 72Wh, kuma wanda ya samu babban mai lafiya zai yi yinin aiki bai nemi soket ba. Tana da gurbin ram biyu. Ita ce ta ƙarshe a layin T mai wannan tsari. A T490 an mayar da batir ciki, an kuma liƙe wani ɓangare na ram a jikin bod.

T480 tana da nata aibin. Da yawa daga cikin waɗanda ma'aikatu suka saya suna da sikirin mai duhu, mai 1366 sau 768, wanda launinsa ke juyewa da zarar ka karkata kai. Ta kafar USB-C kaɗai take caji, kuma kafar a liƙe take da bod, in ta lalace aiki ne na mai walda da gwaninta. Sannan Lenovo da kanta ta sanar da wata matsala a manhajar guntun Thunderbolt na ThinkPad da yawa da aka yi tsakanin 2017 da 2019, wadda kan kashe kafar in ba a sabunta ba. Duk mai sayen T480 ya gwada kafofin USB-C ɗin biyu da caja a gaban mai shago, in ya isa gida kuma sabuntawar nan ce aikinsa na farko.

Latitude ta Dell ba ta da abin burgewa a ido, amma ta fi kowacce sauƙin bincike. A ƙarƙashinta akwai lamba mai haruffa bakwai da ake kira Service Tag. Ka shigar da ita a shafin Dell ta wayarka, nan take za ka ga lokacin da aka fitar da ita da kayan da ta fito da su daga masana'anta. BIOS ɗinta kuma yana faɗin lafiyar batir da ƙarfin cajar da aka jona. Lambar farko ta sunanta tana nuna daraja: masu farawa da 3 na ƙasa ne, 5 matsakaita, 7 sirara masu tsada. Ni na fi son masu 5, irin su 5490 da 5400, don suna da ɗan kauri, iska na zagayawa, ga gurbin ram biyu, alhali 7490 ɗaya gare ta. Babban halin Dell shi ne tsantseni a kan caja. A tsakiyar bakin cajarta akwai siririyar allura da ke gaya wa kwamfuta ƙarfin cajar. In cajar jabu ce ko allurar ta karye, kwamfutar za ta kunnu amma ba za ta yi caji ba, kuma za ta rage gudu har ka zaci ta tsufa. Mutane da yawa sun sayar da Dell lafiyayya da arahar banza saboda wannan allurar.

EliteBook ta HP ita ce ta fi jama'a a kasuwanninmu, kuma wannan kansa daraja ce da ba a rubuta ta a takardar bayani. Batir, kibod, sikirin, caja mai shuɗin baki, duk za ka same su a kusa, kuma kusan kowane mai gyara ya saba da cikinta. Ranar da ka so sayarwa ma ba za ta kwana a hannunka ba. 840 G5 da G6 jikinsu na alminiyam ne, suna da kyan gani, lasifikarsu ta fi ta sauran biyun, ga gurbin ram biyu. Alminiyam ba ya tsagewa kamar roba amma yana lotsawa, don haka kusurwar da ta lanƙwashe shaida ce ta faɗuwa. A yi hattara da masu sikirin ɗin sirri da HP ke kira Sure View, wanda aka yi don kada na kusa da kai a jirgi ya leƙa aikinka. Ko an kashe shi, kallonsa daga gefe ba daɗi, kuma mutum biyu ba sa jin daɗin duba abu tare. Har yanzu shaguna cike suke da Folio 9470m da 9480m da 840 G1 zuwa G3. Sun yi zamaninsu da mutunci, amma zubi na uku zuwa na shida ne, kada a karɓi kuɗin sabon zamani a kansu.

In an matsa mini in zaɓa: mai yawan rubutu da mai fama da rashin wuta ya ɗauki T480, wanda ke zaune a garin da ke nesa da babbar kasuwa ya ɗauki EliteBook, don kayan gyaranta za su fi saurin iso masa, wanda ba shi da mai raka shi ya duba masa ya ɗauki Latitude, don ita ke bayyana kanta. Tazarar da ke tsakanin ukun ba ta kai tazarar da ke tsakanin lafiyayya da marar lafiya a cikin iri ɗaya ba. Kafin ka yanke shawara, ka tambayi mai gyaran unguwarku wacce yake da batir da kibod ɗinta a ajiye.

Fujitsu LifeBook da Toshiba Tecra, wadda ta koma Dynabook bayan Sharp ta sayi sashen a 2018, kaya ne masu inganci, amma in kibod ya mutu za ka daɗe kana nema. Surface ta Microsoft, tsofaffin, da gam aka haɗe su, buɗe su sai da asara. MacBook mai furosesar Intel kuwa kwananta ya kusa ƙarewa, tunda Apple ta faɗa a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kanta. Mai zanen gine-gine da AutoCAD ko mai tace fim ya nemi ZBook ko Precision ko ThinkPad mai harafin P, masu katin hoto na daban, ya kuma shirya wa nauyi da cin batir.

A gaban kanta

Ka je da rana, da lokaci a hannunka, da filash, da abin sauraro na kunne, da waya mai data. Mai shagon kirki ba zai hana ka dubawa ba. Ka ce masa, "Malam, ka ba ni kujera da soket, in ta yi mini yau zan biya." Wanda ya fara hanzarta ka, ko ya ce batir ba caji kuma babu wuta, ka yi masa sallama.

Fara da jiki tana kashe. Buɗe murfin ka rufe sau da dama, ka ji ko yana ƙara ko yana rawa, ka duba ko robar da ke kusa da mahaɗar tana ɗagawa. Juya ta ka ga kusoshi: in kawunansu sun cinye ko wasu babu, an sha buɗe ta. Sa ta a kan teburi mai faɗi ka ga ko tana zama daidai. Shafa wurin da ake jan yatsa a ƙasan kibod; in ya taso ko dannawa ta yi tauri, batir ne ya kumbura a ƙarƙashinsa, kuma kumburarren batir haɗari ne na gobara, ba abin lallaɓawa ba ne.

Sai ka kunna ka shiga BIOS tun kafin Windows ta tashi: F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. Nan za ka ga ainihin furosesa, da yawan ram, da lambar siriyal, wadda ya kamata ta yi daidai da ta ƙarƙashin kwamfutar. In sun saɓa, an sauya bod ko an haɗa jikin wata da cikin wata. Daga nan ka sauya wani ƙaramin abu, ko da agogo ne, ka adana. In ta nemi kalmar sirri, ko ka ga an kulle wuraren sauyi, to tsohuwar ma'aikatar ba ta cire makullinta ba. Wannan shi ne aibin da ya fi ɓoyuwa, domin kwamfutar za ta yi aiki lafiya lau har ranar da ka buƙaci sauya Windows. A ThinkPad musamman, cire wannan kalma sai an taɓa bod. Kada ka karɓi "za a cire maka daga baya". Ka duba kuma wurin da aka rubuta Absolute ko Computrace. In yana nuna a kunne yake, wani a wata ƙasa yana da ikon kulle ta daga nesa.

Dukkan ukun suna da gwajin lafiya a cikinsu wanda bai dogara da Windows ba. A ThinkPad F10 ne lokacin tashi, a Dell F12 sannan ka zaɓi Diagnostics, a HP Esc sannan F2. Gajeren gwajin 'yan mintuna ne, yana duba ram da ma'adana da fanka. Ka bar shi ya gama.

In Windows ta tashi, buɗe Notepad ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, har da na lambobi da kibiyoyi. Cika sikirin da fari ka nemi tabo mai haske ko ɗigo baƙi, sannan da baƙi ka ga ko haske na tsiyaya daga gefe. Tabbatar 1920 sau 1080 ne, kuma launi ba ya juyewa in ka kalla daga gefe. Wannan ya cancanci ƙarin kuɗi, don idonka ne zai zauna a kansa shekaru. Soka filash a kowace kafa, jona ta da intanet ɗin wayarka, gwada kyamara da makirfo da lasifika.

Batir yana da hanyar aunawa da ba ta buƙatar rantsuwar kowa. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta ajiye maka rahoto. A ciki akwai lambobi biyu: abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da abin da yake ɗauka yanzu. In na farko 50,000 ne na biyu 30,000, saura kashi 60 cikin ɗari ke nan, sai ka cire kuɗin sabon batir daga farashi. Batirin jabu yakan ba da lambar ƙarya, don haka ka haɗa da gwajin ido: zare caja, kunna bidiyo, ka ga kashi nawa ya sauka cikin minti ashirin. Cikin wannan lokacin ka saurari fanka, ka sa hannu a mafitar iska. Iska mai ɗumi tana fita, lafiya. Ƙara mai yawa ba iska, ƙura ta toshe. Ƙarar gurnani, fankar ta kusa tafiya.

Ma'adana kuwa SSD ce kawai abin karɓa. Tsohon faifai mai juyawa shi ne ke sa kwamfuta lafiyayya ta yi minti biyu tana tashi, kuma faɗuwa ɗaya tana kashe shi. 256GB ta isa yawancin mutane. Ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, in ka zo da ita a filash, za ta nuna maka lafiyarta da awannin da ta yi tana aiki. Ram kuma 8GB shi ne mafi ƙaranci, 16GB ne kwanciyar hankali.

Akwai makulli na ƙarshe da ba ya bayyana sai an sake zuba Windows. Ma'aikatu da yawa suna yi wa kwamfutocinsu rajista a wajen Microsoft, ta yadda duk ranar da aka goge aka jona da intanet, sunan ma'aikatar ne zai fito yana neman ma'aikacinta ya shiga. Hanyar ganewa ɗaya ce: a sake zuba Windows a gabanka, a jona intanet tun a matakin farko, ka ga ta kai ka inda za ka sa naka sunan. Yana cin kusan rabin awa, kuma ya fi duk rabin awar da za ka kashe a ranar amfani.

Kada ka fita sai da rasit mai ɗauke da sunan shago, da samfurin kwamfuta, da lambar siriyal, da kwanakin garantin da kuka yi yarjejeniya a rubuce. Wannan takarda ita ce kariyarka in kaya ya zo da matsala, ita ce kuma shaidarka in wata rana aka ce na sata ne. Saboda wannan dalilin ne ba na son sayen kwamfuta a hannun wanda ba shi da mazauni, komai arahar da ya yi.

Riƙo a ƙasar zafi da ƙura

Ko mai shago ya zuba maka Windows, zai fi kyau ka sake zuba taka mai tsabta daga shafin Microsoft. Kwamfutocin ofis na wannan zamani lasisinsu yana cikin bod, da zarar sun hau intanet suke kunna kansu, ba ka buƙatar manhajar sata, wadda ita ce babbar ƙofar shigowar ƙwayar cuta. Sai ka sabunta BIOS daga shafin kamfanin, da batir cike kuma caja a jone, domin in wuta ta yanke a tsakiyar wannan aikin tana iya ƙin tashi.

An ƙera waɗannan kwamfutoci ne don ofis mai sanyi, mu kuwa a bazara Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura digiri 40. Zafi shi ne babban makashin batir. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Faranti ko katako ya wadatar, in ka ɗan ɗaga bayanta ma ya fi. Kada a bar ta a cikin mota a rana. Bayan hunturu ya wuce, a kai ta a buɗe a busa ƙurar da ta taru a fanka, kuma tunda ta shekara biyar ko fiye, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda ya riga ya bushe. Aiki ne mai araha, kuma sau da yawa shi kaɗai ke mayar da kwamfuta mai ihu ta yi shiru.

Wanda ke da sola ko wuta tsayayya, kwamfutarsa kullum a jone, ya taƙaita caji a kashi 80 cikin ɗari: ta manhajar Lenovo Vantage a ThinkPad, ta cikin BIOS a Dell da HP. Batir ya fi daɗewa haka. Wanda kuwa wutarsa ta awa uku ce a yini, ya cika shi fal, don amfaninsa aka saye shi. Cajar asali tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, saboda haka raunin wuta bai cika damunta ba. Abin tsoro shi ne bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da wuta ko aka tayar da janareto. Ka zare, ka jira ta daidaita, sannan ka mayar. Tsohuwar caja ta asali ta fi sabuwa ta jabu, kuma a hannu ma za ka ji ta fi nauyi. Wani alherin zubi na takwas shi ne yawancinsu suna caji ta USB-C, don haka fawa-bank mai ƙarfin 65W zai iya ɗaukarsu in dare ya yi ba wuta.

Kibod ya danganta da ƙasar da kwamfutar ta fito. Wadda ta zo daga Faransa tsarin AZERTY gare ta, wanda ya yi wa mai rubutun Faransanci a Maraɗi ko Damagaram daidai amma zai rikita ɗan Kano. Ta Jamus kuma Z da Y sun yi musayar wuri. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, sai dai rubutun da ke kan madannan ba zai sauya ba. Ga mai rubutun Hausa, Windows tana da tsarin madannai na Hausa a cikin jerin harsunanta. In ka ƙara shi, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da kwafo su daga wani wuri ba.

Wanda kuɗinsa bai kai zubi na takwas ba, ko yake da tsohuwar T430 ko Folio a gida, ba sai ya jefar ba. A sa mata SSD da ram 8GB, a zuba mata Linux Mint, wadda kyauta ce kuma tana samun sabuntawar tsaro. Za ta yi rubutu da LibreOffice, da bincike a intanet, da kallon darasi, da koya wa yara dannawa kafin jarrabawar JAMB da ake yi a kwamfuta. Abin da ba za ta yi ba shi ne CorelDRAW da manhajojin Adobe, don haka mai shagon zane da ɗab'i ya tsaya a kan Windows. Ko wacce ka riƙe, kundinka da takardun aikinka su kasance a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko a intanet, domin SSD in za ta mutu ba ta cika yin gargaɗi ba, kuma ciro abu daga cikinta ya fi na tsohon faifai wuya.